Wa Ya Leƙa Tukwanen Mai Unguwa

Matso kusa ka ji, don wannan maganar ba ta tsakar gida ba ce. Jiya ɗana ya nuna min wani ɗan Birazil a waya, mai barkwanci, riƙe da jita yana yi wa manyan ƙasarsu zambo, jama'a na ta dariya. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma ina ganin yadda yake kanne ido na ce wannan akwai mai kai masa rahoto. Sai Dada ta faɗo min a rai.

Dada kakata ce, Bafulatana, ta ƙare ƙuruciyarta a tallar nono gida-gida. A gidanmu na Kagarawal, in an ci tuwo sai mu kewaye murhunta tana gasa mana gyaɗa a toka. Tatsuniyoyinta da yawa, amma ta Buba mai garaya ce kaɗai ba ta dariya in tana yi, ko da mu muna birgima.

Wai a wani gari, shekarar yunwa, mai unguwa ya karɓi gero a kowane gida da sunan abincin baƙi. Baƙi ba su zo ba, gero bai dawo ba. Ran kasuwa sai Buba ya fito da waƙa, wai baƙin mai unguwa tukwane ne, sun jeru a ɗakin matarsa, sun ci sun ƙoshi sun ƙi tafiya. Kafin la'asar yara sun ɗauke ta. Mai unguwa ya sa aka kawo shi, ya ce ko ya faɗi wanda ya gaya masa, ko ya bar garin. Buba ya ce garayarsa ce ta gaya masa. Aka karya ta a gabansa, aka raka shi bayan gari. Kunya ta sa aka raba geron, amma Buba bai sake dawowa ba.

Ni kuwa tun ina ƙarama kunnena ba ya barin magana ta wuce. Na lura Gizo kullum labarinsa na canzawa a bakinta, amma tukwanen nan ba sa motsi: suna bayan gado, babbar an rufe ta da jan faifai. Wata rana na ce mata ai namiji ba ya shiga ɗakin matar wani, to wa ya gani?

Ta daɗe tana tona toka. Sannan ta ce, "Ke Jummai, ci gyaɗarki. Mai nono tana shiga ko'ina, amma ƙwaryarta take kallo."

Ni fa ban ambaci mai nono ba, a tatsuniyar ma babu ita.

Da ta rasu, ina cikin masu kwashe kayan ɗakinta. A ƙasan babbar ƙwaryarta muka tarar da guntun wuyan garaya naɗe a tsohon zane, tsirkiya ɗaya na reto. Goggona ta ce iccen wuta ne, ta fizge ta tura cikin lalitarta. Iccen wuta a lalita.

A da ina ganin darasin shi ne mai gaskiya ba ya tsoro. Yanzu in na tuna, tunanin wadda aka rufa wa asiri nake yi, ta ci gaba da tallarta a garin da aka kori wani dominta, har ta tsufa ba ta da wanda za ta gaya wa sai jikoki. Kai da ka ji, tatsuniya Dada ke yi mana, ko kuwa?