Ranar da na kaɗa wa surukina ƙararrawa

A duk shekarun da na yi a gidan rediyo a Birnin Kebbi, ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce ranar da surukina ya zo shirina.

Shirin na muhawara ne kan littattafai. Ƙa'idarsa, baƙi biyu, kowa da lokacinsa daidai, in ya cika mai gabatarwa ta kaɗa ƙararrawa. Wanda na gada an karɓe shirin daga hannunsa ne don masu sauraro sun ce yana ɗaukar ɓangare.

A makon nan littafin kan shigar malamai siyasa ne, gari duk ya ɗauka. Dakta Bala, malamin kwaleji, zai kare shi. Wanda zai soke shi kuwa, sai da shugaban sashenmu ya shigo da shi na ga ashe mahaifin mijina ne, daga Argungu. Na durƙusa har ƙasa.

Na ja shugaba gefe na ce, "Ranka ya daɗe, ko sunansa ba na iya faɗi." Ya ce, "Hajiya, ko ki riƙe shirin yau, ko ki bar shi gaba ɗaya."

Sunan dai na samo masa dabara. Na ce kowane baƙo ya gabatar da kansa, Dakta ma haka. Abin da ya fi damuna, na karanta littafin, kuma a raina Baba, wato surukin nawa, nake bi. Marubucin ya yi wa malamai kuɗin goro, ni kuma 'yar gidan malamai ce.

Dakta ya yi nasa, na kaɗa, ya yi shiru. Baba ya karɓa, yana warware littafin babi-babi, ni har daɗi nake ji. Sai lokaci ya cika, ga Dakta ya zuba wa hannuna ido. Na runtse ido na kaɗa.

Baba ya tsaya a tsakiyar magana.

Da muka fito ban iya ɗaga kai ba. Ya ce, "Ɗiyata, mi kika jin kunya? Can ciki ke ad da iko. Da kin ƙyale ni, cewa za a yi ɗiyata ta taimake ni, gaskiyata ta tahi banza." Ya sa takalmi, ya ƙara da cewa, "Amma hwa daidai wurin da za ni kada shi kinka katse ni."

Shirin ya zauna hannuna har na yi ritaya. Ku masu tasowa, ba wanda zai hana ku ra'ayi, amma wanda kuke so shi ya fi buƙatar ku kaɗa masa a kan lokaci. Sunan Baba kuwa, har yau ba za ku ji shi a bakina ba.