Rubutun Baba a Takardar Faks

Abin da na fara gani da na shiga buron kawuna, wato ofishinsa, a Agiye shi ne an sauke ma'aunin aya daga kan tebur, an ɗora kwalaye biyu a wurinsa. Ina aji shida a lakol lokacin, an aiko ni da furarsa. Kawu fataucin aya yake yi, Babana kuma shi ke raka kaya a kamyo, babbar mota, har Kwatanu, ya yi wata biyu ko uku ba mu gan shi ba. Masu sayen aya na can sun gaji da jiran takardu a hannun direbobi, suka matsa wa Kawu ya sa faks, injin da ke aika hoton takarda ta layin talho.

Wani mutumin Maraɗi ne ya kawo injina biyu don a zaɓa. Ɗaya yana amfani da takarda irin ta kowa, amma sai da tawada, tawadar kuma sai an je Maraɗi. Ɗayan tasa takardar a naɗe take kamar bandeji, mai santsi, zafi ne ke fito da rubutu a kanta.

"Alhaji, wannan ko ajami ka ba shi zai kai," in ji mutumin.

Kawu ya yi dariya ya ce shi fa abin da ba ya neman cefane yake so a gidansa.

Mutumin ya fito da wata tsohuwar takarda daga jakarsa don ya nuna aikin injin marar tawadar. Ina tsugune kusa da ƙafar tebur, na ga layukan ƙasa sun koɗe, sun koma kalar ruwan shayi. Babban yatsansa yana kan wurin. Na buɗe baki, sai na tuna maza huɗu ne a ɗakin, har da abokan Kawu biyu. Na ɗauki ƙwaryata na fita. Kawu ya zaɓi marar tawadar.

Farkon damina Baba ya aiko da wasiƙa ta injin wani shago a Kwatanu, da rubutun hannunsa, cikin ajami. Ya ce ƙafarsa ta kumbura amma da sauƙi, a shuka gonar gabas kada a jira shi, a gaida 'yar lakol. Ni ke nan. Kwana goma sha biyu bayan haka aka kira Kawu a talho. Can Kwatanu aka binne Baba. Ko hularsa ba ta dawo ba.

Inna ba ta karatu, amma ta san hannunsa, yadda yake jan wutsiyar baƙi har ta taɓa layin ƙasa. Ta ajiye wasiƙar cikin kwalla, ƙarƙashin zannuwa. Duk Juma'a sai ta fito da ita, ta ce in karanta, tana bin layukan da yatsa. Kafin ta fita takaba na haddace ta. Kafin a yanke gero kuma rubutun ya fara koɗewa, daga ƙasa, daga wurin gaisuwata.

Inna ta yi zaton idanunta ne. Da ta gane, ta ce in kai a rufe ta da leda, yadda aka yi wa takardar haihuwata. A wurinmu duk takarda mai daraja haka ake mata. Na kai wa mai shagon da ke bakin tasha. Ya shimfiɗa ta a hankali, har da bisimilla, ya tura ta cikin injinsa mai zafi.

Ta fito baƙa ƙirin, daga sama har ƙasa, tana ƙyalli.

Ya yi ta salati yana juya ta. Ya rantse bai taɓa ganin haka ba. Na karɓe ta da ɗuminta, na sa cikin littafina.

Ban nufi gida ba. Na wuce buro. Kawu yana zaune shi kaɗai, injin yana gefensa an lulluɓe shi da tsumma. Ban taɓa fara yi masa magana ba sai ranar. Na ajiye baƙar takardar a gabansa. Ya daɗe yana kallonta.

"Kawu," na ce, "takardar da Baba ya rubuta da hannunsa, injin bai cinye ta ba, ko? Tana can Kwatanu. Don Allah ka sa direbanka ya tambayi masu shagon da ya aiko ta daga wurinsu, ko ba su zubar ba. Kuma kada ka gaya wa Inna kafin Juma'a."