Gishirin Edita Ya Raba Ni Da Baffana

A lokacin ni sabon malamin firamare ne a Birnin Kudu, kaina cike da iska, ba ni da burin da ya wuce in ga sunana a mujallar adabi. Ɗan Zandam ne ni, maraya. Baffana, ƙanen mahaifinmu, shi ya riƙe mu, shi yake noma gonar gadonmu yana ci da mu. Sunan mahaifinsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Babana.

Na rubuta gajeren labari a kan wani manomi da yake matsar da gambar iyaka duk damina yana cin gonar marayu. Ƙirƙira ce tsagwaronta, har garin ma ƙaga sunansa na yi. Na tura wa wata mujalla. Editan ya kira ni, mutum mai maganar isa kamar shi ya haifi Hausa, alhali na rantse ko fartanya bai taɓa riƙewa ba. Ya ce labarin ba laifi, amma ba gishiri. Ya tambayi garinmu, na faɗa, ya ce zai ɗan taɓa shi. Ni kuma sakarai, da tarbiyyar ba a musu da babba, na ce duk yadda ya gani daidai ne.

Ashe gishirin nasa shi ne ya goge garin da na ƙaga, ya sa Zandam, ya kuma rangaɗa a sama cewa labarin gaskiya ne daga bakin maraya. Kafin mujallar ta zo hannuna hoton shafin ya zagaye wayoyin ƙaramar hukumarmu ta Gwaram. 'Yan zaman majalisa, waɗanda rabonsu da karatu tun jarrabawar fita firamare, duk suka zama masu sharhi. A Zandam maraya nawa ne yake rubutu, kuma gonarsa a hannun wa take?

Baffa bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya aika na zo, ya tara mai unguwa da dattawa, muka bi iyakar gonar kusurwa kusurwa, ko taku ɗaya bai ci ba. Na yi rantsuwa, na yi kuka, na ce ba da shi nake ba. Ya ce ya ji. Sannan ya damƙa mini gonar a gaban shaidu, ya karkaɗe rigarsa ya tafi.

Da na kira editan, wallahi dariya ya yi. Wai ai labarin ya karɓu, wai marubuci sai da taurin rai, zai sa gyara a fitowa ta gaba. Har mujallar tasa ta mutu ban ga gyaran ba. Tir da irin wannan edita, mai neman suna da mutuncin mutanen da ko gaisawa bai taɓa yi da su ba!

Masu tura labari, kada kunya ta sa ku ce wa kowa duk yadda ya gani. Ku ce sai kun ga shafin kafin a buga, don magana zarar bunu ce, ta takarda kuwa ta fi muni. Ni na ga sunana a mujalla, na kuma sami gona. Har yau duk Juma'a ina zuwa gaida Baffa, yana amsawa da sakin fuska, ya tambayi iyali da aiki. Amma Malam yake ce mini.