Birkin Motar Dogo

Kawuna bakanike ne, amma ban taɓa ganin ya buɗe inji ba. Birki kawai yake gyarawa, a wata rumfar kwano da ke tsakanin mai walda da mai faci. Direbobin haya sun san shi da tsauri. In ya ce birkinka ya ƙare, ko za ka yi kuka ba zai sauke motar daga kan jak ba.

Da na dawo daga karatu na tarar kansa ya yi fari fat, ga wata jar mota a rumfar, cikinta kamar zai taɓa ƙasa. Ta Dogo ce, ɗansa tilo, mai shagon sayar da waya. Duk ƙarshen mako Dogo yana filin tseren motoci da ke bayan gari.

Matar Kawu ta ba ni labarin yadda aka faro. Kawu ya yi faɗa, ya tura manya, ya daina amsa gaisuwar yaron, ya kuma rantse ba zai taɓa motar ba. Dogo ya kai ta wani gareji, aka zuba mata man birki irin na kowa. Ana tsakar gudu man ya tafasa, Dogo ya taka birki ya ji ƙafarsa ta nutse har ƙasa, motar ta shige cikin tarin tayoyin da ake jerawa a bakin kwana. Kafaɗarsa ce kawai ta karye. Ranar da aka sallame shi daga asibiti Kawu ya ce daga yau ba mai sa hannu a birkin nan sai shi.

Da tsufansa ya koma koyo. Ya sa faifan birki mai faɗi mai huje-huje don zafi ya riƙa fita, ya canza tiyon man birki zuwa mai rigar ƙarfe, ya nemo man da ba ya saurin tafasa. Fad kuwa, wato abin da ke damƙe faifan, iri biyu ya ajiye. Na filin tsere ba ya kamawa sosai sai ya ɗau zafi, saboda haka bai dace da titin gari ba, inda yaro zai iya faɗo maka mota tana sanyi. Kafin tsere Kawu ya ɗaura shi, bayan tsere ya mayar da na titi. Dogo kan yi kwanaki bai kawo an mayar ba. Tun daga bakin layi ake jin ƙarar birkin, mai walda ya leƙo ya ce wa Kawu ga kyanwarsa nan ta dawo da kuka. Kawu ba ya dariya.

Wata rana ina zaune a kan bencin rumfar Dogo ya zo yana ta murna, ya durƙusa ya gai da ubansa.

"Baba, hannunka akwai albarka. Akwai wani allo kafin babbar kwana, da a nan nake taka birki. Yanzu sai na wuce shi da nisa. Duk filin ba mai iya bi na."

Kawu ya ci gaba da goge sifana da tsumma. Mai faci ya ce Dogo ya bar yabo haka, kada tsoho ya ƙara kuɗin aiki. Aka yi dariya, Dogo ya tafi.

Sai da rumfar ta yi shiru Kawu ya yi magana, ba tare da ya dube ni ba. Ya ce shi wurin tsayawa yake ƙara wa yaron, yaron kuma yana mayar da shi gudu. Duk abin da ya ƙara, kafin wata ya zagayo an cinye shi. Na tambaye shi me zai hana ya mayar da birki mai rauni, ko tsoro ya sa Dogo ya rage. Ya ce ya daɗe yana juya wannan a ransa.

"Ƙafarsa ta riga ta saba da sabon wurin. In na rage ƙarfin, a can ɗin dai zai taka."

Bayan sati biyu Dogo ya shigo da kwali, sabon faifai ne da ya fi na da girma. Kawu ya ɗaga shi, ya shafa gefensa da yatsa, ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ce a ɗora motar a jak.

Da aka gama ɗaurawa sai cire iska daga tiyo, aikin da sai mutum biyu. Dogo ya zauna a kujerar direba, Kawu ya kwanta a ƙasa kusa da taya.

"Taka. Ƙara. Riƙe nan."

Dogo ya leƙo ta taga ya tambaya ko da wannan zai iya ƙara matsawa gaba kaɗan kafin kwanar.

Daga ƙarƙashin motar sai muka ji ƙarar sifana, Kawu yana ɗaure noti.

"Zai kama," in ji Kawu. "Saki."