Wasan da Wardoyo Ya Bari

A shagon hayar wasan bidiyo a birnin Semarang, Gunadi yana kallon wani ɗan acaɓa mai furfura, rigarsa jiƙe da ruwan sama. Mutumin ya buɗe wasan da Wardoyo, aminin Gunadi, ya bari kafin rasuwarsa: jarumin wasan zai ƙone ƙauye don ya ceci 'yarsa. Nan Wardoyo ya tsaya, ya kasa. Dannawa ɗaya za ta shafe inda ya tsaya.

Mutumin ya ɗora yatsa a kan maɓallin. Wataƙila shi ma uba ne.

"Mas, kai za ka ƙone ƙauyen?" ya tambayi Gunadi, yana kiransa ɗan'uwa da yaren garin.

"Mai wasan dai bai ƙone shi ba."

Mutumin ya janye hannu, ya murmusa. "To, bari ya dawo ya ƙarasa abinsa."

Gunadi ya gyaɗa kai kawai.