Takardar da Na Bari Ta Kwana

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina aikin akawu a sakatariya a Bungudu, kuma abin da na fito da shi wanda ya fi fansho zama a hannuna shi ne rashin yarda da takarda. Duk takardar da ta zo tana sauri, akwai mai tura ta daga baya. A ofis ba ma cewa a'a. Sai mu karɓa da hannu biyu, mu ce madalla, mu sa ta a durowar ƙasa, mu bar ta ta kwana. Idan bayan mako guda wani ya leƙo yana tambayar ina aka kwana, to ka ga mai cin moriyarta. Idan ba wanda ya zo, dama can ba ta da amfani. Da wannan dabara na tsallake ramukan da suka cinye abokan aikina, har na yi ritaya na koma gidana a Damba ba a taɓa tsayar da ni gaban kwamiti ba.

Dangi kuwa suka mai da ni makarancinsu. Takardar gona ce, ta makaranta ce, ta asibiti ce, ba mai dangwala yatsa sai an kawo mini na ɗora tabarau a hanci. Ina jin daɗin hakan ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Ƙanwata ita ce autarmu. Ni na riƙe ta bayan rasuwar mahaifinmu, ni na aurar da ita a Tsafe, inda ta yi suna da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Mace ce mai baki, ita kaɗai ce a dangi ke iya yi mini ba'a a gaban mutane na yi dariya. Ba ta yi boko ba, amma ba a cutar ta a kasuwa.

Ciwon ya soma mata da gajiya. Matar da ke murza tunkuza tun safe har azahar sai ta koma tana zama bayan kowane ɗan motsi. Aka sha maganin zazzaɓi, aka sha na taifot, aka sake shan na zazzaɓi. Dasashinta ya riƙa zubar da jini, wasu tabbai baƙi-baƙi suka fito mata a hannu ba tare da ta bugu da komai ba. Mijinta ya kawo ta Gusau, aka ƙara mata jini leda biyu, ta farfaɗo, bayan ɗan lokaci ta koma yadda take. A ƙarshe aka sa wata doguwar allura aka ɗebo ɓargo daga ƙashin ƙugunta. Da sakamako ya fito, likita ya kira ni da mijinta gefe ya ce sankarar jini ce.

A baranda muka tsaya muka yanke shawara, ni da mijin, cewa ƙarancin jini za mu ce mata. Haka muka taso muka ga ana yi. Ba a ɗora wa majinyaci sunan cuta mai nauyi, ana ce masa da sauƙi, a bar sauran ga Allah.

Ranar da za a sallame ta, wata ma'aikaciyar jinya ta same mu. Mace ce da ta haura arba'in, da farin hijabi, kowa na kiran ta Sista. Ta ce aikinta shi ne ta nemo masu wannan ciwo ta haɗa su da wani gwajin magani da ake yi a wani babban asibitin koyarwa a wata jiha. Sabon magani ne da ake son a auna shi da wanda aka saba bayarwa. Ta ce ba ta yi mana alkawarin warkewa ba, domin da an tabbatar da shi da ba a kira shi gwaji ba. Magani kyauta ne, har da kuɗin mota. Amma ba kowa ake ɗauka ba, sai wanda ƙodarsa da hantarsa ke da ƙarfi, kuma ƙanwata ta dace yanzu. Sau biyu ta maimaita kalmar yanzu, ni kuwa na lura, na ajiye a raina.

Ta miƙo takarda mai shafi da yawa, rabi da Turanci rabi da Hausa. Na zaro biro don ta san da wa take magana, na ce ni ne waliyyinta.

Ta ce, "Baba, ba kai ka sa hannu ba. Ita da kanta. Sai an karanta mata duka, ta san ciwon da ad da ita, ta yarda ko ta ƙi."

Nan take na ji ba ta kwanta mini ba. Duk sa'ana ya taso da jin labaran gwajin magani a kan talakawa, kuma ba labarai ne masu daɗi ba. Ga kyauta, ni kuwa a duk aikina ban taɓa ganin kyautar da ba ta da igiya a wuya ba. Ga shi tana neman lambar waya da sunan unguwa, a wannan zamani na 'yan bindiga da ko maƙwabci ya tambayi ranar da za ka bi hanyar Tsafe sai ka dube shi sau biyu. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne tana son ta tsallake ni ta yi magana da yarinyar da na goya. Na yi murmushin ofis, na karɓi takardar da hannu biyu, na ce madalla, zan karanta, ni da kaina zan yi mata bayani a hankali. Mijin ya ce duk abin da Yaya ya ce shi ke nan. Suka koma Tsafe, ni na koma Damba na buɗe durowar ƙasa.

Kwana uku Sista ta kira ni. Na ce a raina, yauwa, ga mai ita ta fito. Na ce mata ana kan dubawa. Bayan mako ta sake kira, na ce na soma yi wa ƙanwata bayani, alhali ko kalma ɗaya ban ce mata ba. Ta kira mijin, ya turo ta wurina, domin ƙanwata ba ta da wayar kanta.

Duk Asabar nakan shiga mota da safe na je Tsafe, na juyo kafin la'asar saboda hanya. Nakan same ta kwance a tabarma ƙofar ɗaki, kaskon suya a kife a gefe. Ashe ta ga lokacin da aka ba ni takardar.

Ta ce, "Yaya, wagga mata mai hwarin hijabi, takardar mi tab ba ka?"

Na ce ta asibiti ce, ina karantawa.

Tun daga ranar ta samu abin tsokana. Da na yi sallama sai ta ce, "Malam akawu, an gama karatu?" In ce saura kaɗan. Ta ce, "Wanga karatu naka ya hi na haddar izu sittin." Mu yi dariya, na ajiye mata lemo da kankana na taso. Kowace Asabar muryar tana ƙara yin ƙasa, ni kuma ina cewa zafi ne.

A mako na uku Sista ta zo har gidana a kan kabu-kabu bayan ta tashi aiki. Ban ba ta kujera da wuri ba. Ta gaishe ni da ladabi, ta ce ta zo ne domin jikin mai wannan ciwo yana canzawa daga mako zuwa mako, kuma abin da awo ya nuna wancan watan ba lallai ya nuna shi wannan watan ba.

Na ce, "Ɗiyata, ki hwaɗa min gaskiya. Nawa aka ba ki bisa kowane kai?"

Na ga abin ya soke ta. Ta ce albashinta ɗaya ne ko ƙanwata ta shiga ko ba ta shiga ba. Ta ce, "Ko a'a ce, Baba, ba komi. Amma a bari ita ta ce." Ta tafi ko ruwa ba ta sha ba. Ni kuwa na koma ciki ina jin na ci nasara. A ka'idar da na sani, wanda ya biyo takarda har gida, da kuɗin motarsa, ya gama tona kansa.

Gaskiyar magana, ban karanta takardar ba. Na duba shafin farko, na ga sunan ciwon ɓaro-ɓaro da Hausa, na rufe. Ina ce wa kaina bincike nake yi, amma tsoro nake ji. Karanta ta na nufin na zauna gaban ƙanwata na faɗi wannan kalma da bakina.

Abin da ya tashe ni shi ne wata Asabar da na tarar ƙafafunta sun kumbura, kuma ba ta tambaye ni karatu ba. Washegari na ɗauki takardar na tafi Rawayya wurin wani tsohon abokina da ya yi aikin harhaɗa magunguna a asibitin gwamnati har ya yi ritaya. Na zaɓe shi ne domin ya fi ni rashin yarda da mutane. Na so ya nuna mini inda tarkon yake.

Ya zauna a gindin dalbejiya ya karance ta tsaf cikin awa guda. Ya nuna mini hatimin kwamitin da ke sa ido kan irin wannan aiki. Ya nuna mini inda aka jera illolin maganin ba a ɓoye ko ɗaya ba, da inda aka ce majinyaci na iya janyewa duk ranar da ya so ba tare da an daina duba shi ba. Ya ce shi ma ba zai rantse a kan maganin ba, amma da ƙanwarsa ce da ya kai ta ta ji da kunnenta. Sannan ya tambaye ni yaushe aka ba ni.

Na ce mako biyar ke nan.

Ya cire tabarau ya dube ni. Sai ya miƙo mini takardar.

Ranar Litinin na ɗauko shatar mota na kawo ta Gusau. Sista ba ta nuna mini fushi ba, ta ce kafin a zauna karatu sai an sake awon jini. Muka jira kwana biyu. Da sakamako ya fito ta kira ni ofis ta ce ƙodar ta yi rauni, ta sauka ƙasa da abin da ake buƙata, ba za a iya ɗaukar ta ba. Za a ci gaba da maganin da aka saba.

Ko a nan halina bai bar ni ba. Na ce ko dai an ba ɗan wani babba gurbinta ne? Ba ta yi gardama ba. Ta zaro takardun awo biyu ta jera su a kan tebur, na farko da na yanzu, kowanne da ranarsa a sama. Ni da na ƙare rayuwata ina karanta takardu, na karanta waɗannan ba tare da taimakon kowa ba. Ta ce kada na ɗora wa kaina fiye da kima, ko da ta shiga ba wanda ya san yadda za ta kasance. Na san gaskiya ta faɗa, amma ban ji sanyi ba.

Ƙanwata ta zauna a gidana don ta yi kusa da asibiti. Wata rana bayan la'asar tana jingine da filo a tsakar gida, na zo wucewa ta kira ni.

"Yaya, ɗauko takardag ga ka karanta min. Ko ta wuce, ina son in ji."

Na ɗauko. Na buɗe ɓangaren Hausa na soma karantawa. Da na zo kan sunan ciwon na tsaya. Ta ce na wuce, ta san shi tun ranar da aka ɗebi ɓargo, matan ɗakin jinya ba sa ɓoye wa juna komai, ta dai ƙyale mu ne don ta ga hakan ya fi mana sauƙi. Na ci gaba. Tun daga layin farko takardar da ita take magana. Ke, ke, ke, har ƙarshe. Ana gayyatar ki, kina da damar tambaya, ba wanda zai yanke miki. Babu inda aka ambaci yaya ko miji ko waliyyi. A shafin ƙarshe ga ɗan akwati an zana inda za ta dangwala yatsa.

Ta daɗe tana kallon akwatin. Sannan ta ce, "Ashe ni anka rubuto ma, Yaya, ba kai ba."

Na ce haka ne. Na tambaye ta, da an karanta mata a kan lokaci, da ta yarda?

Ta ce, "Ban sani ba. Ƙila in ji tsoro kamar yadda kaj ji. Da dai an tambaye ni."

Na nemi gafararta, ta ce ta yafe tun kafin na roƙa. Ta naɗe takardar yadda take, ta miƙo mini, ta yi ɗan murmushin nan nata na tsokana.

"Ungo, aje. Kai ka iya ajiya."

Ta rasu bayan an yanke gero. Takardar tana nan a durowar ƙasa, kuma har yau ba wanda ya zo tambayar ta.