Ranar da Wayata Ta Je Najeriya Ba da Ni Ba

Shekarar da na yi aiki da wani proje na rabon irin gero, an ba kowannenmu waya. Wayar tana aljihuna, amma mai ita yana Yamai: wani injiniya da ban taɓa gani ba, wanda daga kan kujerarsa yake yanke abin da za mu buɗe da abin da ya haramta gare mu. Kod kuwa, wato lambar sirrin buɗe wayar, duk wata sai an canza, kada ɓarawo ya gano wa ya shuka wake a Safo. Babban sirrin ƙasa ke nan.

Abu ɗaya ya mance bai kulle ba, wurin ɗaukar murya. Da shi na ɗauki Inna, mahaifiyata, tana ɓarar gyaɗa tana ba ni labarin yadda ta haife ni a gona, da tarinta da dariyarta duka. Ta rasu kafin damina. Na yi na yi in tura muryar zuwa wata waya, tsaro ya hana. Na kai kuka buro, wato ofishinmu, shef mai gidanmu ya ce in rubuta takarda. Na rubuta.

Wata Talata ina auna gona can gaban Gabi, dab da iyaka. Kowa a nan ya san rezon Najeriya, wato sabis ɗin wayarsu, yana shigowa gonakinmu yadda akuya ke kutsa danga. Yamai ce kaɗai ba ta da labari. Dokarsu kuwa, duk wayar da ta bar ƙasa sata ce, a goge ta. Tawa tana kama rezon nan, na ji ta yi ƙara a aljihu, na ciro, sai ga ta tana yi mini barka da zuwa da Faransanci, fes, kamar yau aka fiddo ta daga kwali.

Na ari wayar mai gonar na kira injiniyan.

Ya ce, "Malam, kwantar da hankalinka, ba a rasa komai ba. Sunayen manoma duk suna wurinmu."

Na ce, "Muryar fa?"

"Ai wannan ba ta aiki ba ce."

Gaskiyarsa, wallahi. Har yabo ya sha a taro, wai tsarinsa ba ya barci. Bayan sati uku amsar takardata ta iso, da sa hannu da hatimi: an amince in kwashe muryar. Na ninke ta na sa a akwatin Inna. Har yau ban yafe ba, don na fara mance yadda take dariya.